Kallon da Na Sha a Guangzhou

Kalmar Sinanci ta farko da ta zauna mini a kai, a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na tsince ta, ranar da na sauka. Mun taso daga filin jirgin sama na Baiyun, ina tsaye riƙe da jakata, gajiya ta ci ƙarfina, sai wani yaro da bai fi shekara huɗu ba ya miƙo yatsa ya nuna ni, ya ɗaga murya ya ce, "Heiren!" Uwarsa ta yi maza ta sauke masa hannu, ta raɗa masa wata magana, amma ita ma idonta bai bar kaina ba har suka fita. Wanda ya zo tarbata, wani dattijo mutumin Maraɗi da ya daɗe yana hulɗa da kawuna, ko juyawa bai yi ba. Da na tambaye shi ma'anar kalmar sai ya ce, "Baƙin mutum ke nan, yaro. Ka saba da ita tun yau, domin za ka ji ta fiye da yadda za ka ji sunanka."

A watan Maris na 2018 ne. Kawu yana da shago a Kantin Kwari, ya yi shekaru yana zuwa Guangzhou sarin leshi da yadi, kuma abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne tafinta. Za a yi magana mai tsawo a gabansa, tafinta ya juyo ya ba shi kalma uku, shi kuwa ya san akwai abin da aka haɗiye. Da na gama karatu ina zaune babu aiki, sai ya kira ni ya ce zai biya mini kuɗin shekara guda in je in koyi harshen a wata jami'a a can, in kuma riƙa duba masa kaya kafin a loda kwantena. Abin da na sani game da Sin a lokacin bai wuce uku ba: maganar da malamai ke yawan kawowa ta neman ilimi ko da a birnin Sin ne, da muryar sashen Hausa na rediyon Beijing da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake kamawa da daddare, sai kuma Sinawan da nake gani a Kwari suna zaune a ofisoshinsu a saman bene.

Daga Kano muka tashi zuwa Addis Ababa, daga can kuma muka yi sama da sa'a goma a sama. Na bar Kano zafi ya fara kankama, busasshe, irin wanda ke fasa leɓe. Na tarar da wani yanayi da ban taɓa sanin akwai shi ba: iska mai laima, bangon ɗaki yana zufa kamar randa, tayil yana santsi, rigar da ka shanya ta kwana uku ba ta bushe ba. Su mutanen garin suna da suna na musamman ga wannan lokaci, kuma ba sa buɗe taga idan ya zo. Ni kuwa na buɗe tawa don in sha iska, washegari na tarar da takalmina ya yi fumfuna.

Dattijon ya sauke ni a Xiaobei, kuma duk wanda ya taɓa zuwa sari ya san wannan unguwa. Kana fitowa daga tashar da ke kan layi na 5 za ka ɗauka an yanko wani yanki na Afirka ta Yamma an dasa shi a tsakiyar dogayen benaye. Ga 'yan Mali da Gini da Senegal cikin manyan riguna, ga matan Kongo da Angola suna jan buhunan kaya, ga Larabawan Yaman, ga Sinawa 'yan canji suna kiran ka "aboki" da Turanci ko da Faransanci. A ginin Tianxiu kuwa, hawa bayan hawa shaguna ne da ofisoshin masu aika kaya. A daren farko, a wani ɗan gidan abinci da ke lungu, na ji Hausa kala uku a teburi ɗaya: ta Maraɗi, ta zangon Kumasi, da tawa ta Kano. 'Yan Najeriya mafi yawa a garin Inyamurai ne, kuma sun fi zama can wajen Sanyuanli. Xiaobei ta fi zama ta Musulmi. A wannan unguwa ba wanda ya damu da fatarka, sai 'yan sanda. Su kam suna tsayawa a bakin gadar da ake tsallake titi da ƙafa, suna tare mu suna neman fasfo, Basine ya wuce ta gefenka ba a ko dube shi ba. Doka ce baƙo ya yi rajista a ofishin 'yan sanda cikin sa'a 24 idan ba a otal ya sauka ba, kuma takardar rajistar nan ta zama kamar layar da ba a rabuwa da ita. Dattijon ya ce mini, "Ka manta da wayarka a gida idan ka so, amma kada ka manta da wannan."

Da na fara zuwa makaranta ne na bar inuwar Xiaobei, na shiga garin sosai. A nan na san kallo.

Kallo iri-iri ne, kuma sai da na yi makonni kafin na iya rarrabe su. Akwai na ƙauyawa da suka zo birni neman aiki, waɗanda za su tsaya cak da buhu a kafaɗa, baki buɗe, su bi ka da ido har ka ɓace. Wannan bai taɓa ɓata mini rai ba. Mutum ne ya ga abin da bai taɓa gani ba. Akwai na 'yan mata da samari da za su ɗaga waya kamar suna duba saƙo, alhali hotonka suke ɗauka. Wasu su zo da ladabi su roƙi a ɗauka tare, su ɗaga yatsu biyu, su yi godiya. Akwai kuma wanda ba a kallonka kwata-kwata, kuma shi ya fi ciwo. Jirgi ya cika maƙil da safe, mutane suna tsaye kamar an jera ashana, amma kujerar da ke gefenka babu kowa a kai. Tasha ta wuce, ta biyu ta wuce, wata mata ta shigo da gajiya a fuskarta, ta hango gurbin, ta taho, ta ga wanda ke kusa da shi, ta juya ta kama ƙarfe. Ba wanda ya zage ka, ba abin da za ka kai ƙara. Sau da yawa nakan miƙe ne kawai in tsaya, don kujeru biyu su samu masu zama, ni kuma in huta da ganin gurbin.

Wata rana a lif wani mutum mai kimanin shekara hamsin ya kai hannu ya murza mini damtse da babban yatsa, sannan ya duba yatsan nasa. Jinina ya tafasa. Da a gida ne da na san abin da zan ce, amma a lokacin Sinancina bai wuce gaisuwa da ƙirga ba, sai na bige hannunsa kawai na dube shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mamakin da na gani a fuskarsa, kamar bai san ya yi wani abu ba. Na kwana ina juya lamarin. Har yau ban yarda cewa rashin sani ya wanke shi ba, domin na tabbata ba zai yi wa ɗan garinsu haka ba.

Neman ɗakin haya shi ya nuna mini abin a fili. Ɗakin kwanan ɗalibai bai yi mini ba saboda aikin Kawu yana kai ni dare, sai na shiga nema ta hannun wata dillaliya. A waya komai daidai ne: kuɗi kaza, wata biyu na ajiya, a zo a gani. Muna isa mai gida ya leƙo, ya dube ni, ya ja ta gefe. Ta dawo tana sunkuyar da kai ta ce an riga an kama ɗakin. Sau uku hakan ta faru a mako guda. A na uku ta gaji da ɓoyewa, ta rubuta a manhajar fassara ta nuna mini: mai gidan ya ce idan ya ba baƙar fata, 'yan sanda za su riƙa zuwa, maƙwabta kuma za su yi ƙorafi. Ta ƙara da cewa in yi haƙuri. Na ga idonta ya kawo ruwa, kuma ita ce ba ta huta ba sai da ta samo mini ɗaki a hawa na shida na wani tsohon gini da babu lif, inda mai gidan ya ce shi kuɗi ya sani.

A cikin waɗannan kwanaki ne Kwari ta riƙa dawo mini. Na tuna yadda muke yi idan Basine ya ratso layinmu: yaran shago su bi shi da kwaikwayon maganarsu, wani ya ja gefen idanunsa da yatsu, mu kuma mu yi dariya. Ni da kaina na sha cewa duk kamarsu ɗaya, kuma babu abin da ba sa ci. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda mutumin yake ji idan ya koma ɗakinsa da yamma ba. Ba ina cewa abin ɗaya ba ne. Shi Basinen da ke Kano ba a hana shi hayar gida, hasali ma rububinsa ake yi. Amma dariyar nan na san ta, daga bakina ta fita.

Kuma batun kama ɗaya bai yi wata biyu ba ya rushe. A aji Mandarin ake koya mana, wanda suke kira Putonghua, amma tsofaffin unguwarmu Kantonanci suke yi, harshen da ɗan Beijing ba ya ji sai ya koya. A jirgi ma sanarwa sau uku ake yi: da Mandarin, da Kantonanci, da Turanci. Masu shagunan yadi da yawa 'yan wasu garuruwa ne da ke da nasu harshen, suna juyawa zuwa gare shi idan ba sa so ma'aikatansu su ji. Gwamnati kanta ƙabilu 56 ta lissafa. Na fara gane ɗan arewa dogo mai murya a buɗe, da ɗan kudu siriri mai magana kamar waƙa. Su kuwa tambayarsu ɗaya ce: "Feizhou?" wato Afirka. Idan na ce Najeriya, wasu su ce ƙwallo, wasu su ce man fetur, da yawa kuma su tambaya ko zafin rana ne ya mai da mu haka. Wani direban tasi ya tambaye ni da gaske ko muna da benaye.

Abinci ya kusa kayar da ni a makon farko. Mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take, suna sa alade a kusan komai, har a cikin abin da za ka rantse ganye ne zalla, domin da kitsensa ake suya. Dattijon Maraɗi ya koya mini haruffa biyu kafin malaman jami'a su koya mini ko ɗaya: waɗanda ake karantawa "qingzhen", alamar halal, yawanci a kan koren allo. Duk inda ka ga shagon taliyar Lanzhou to ka tsira. Musulmin ƙabilar Hui ne ke riƙe da su, mazan da farar hula, matan da ɗankwali. A gabanka saurayi zai ɗauki curin ƙullu ya ja, ya ninka, ya sake ja, har ya zama zare-zare, ya jefa a tukunya, a zubo maka da romon naman sa da ɗan barkono. Ranar da na fara shiga wanda ke kusa da gidana, na yi sallama ne don sabo, ba don ina sa ran amsa ba. Mai shagon ya ɗago daga kan tukunya ya amsa mini cikakkiya, har da wa barakatuhu, da wani irin lafazi nasu, ya dafa ƙirji. Ya kawo mini cokali mai yatsu ba tare da na roƙa ba, bayan kwana biyu kuma ya ɗauke shi ya zauna ya koya mini riƙon tsinke. 'Yan Uygur su kuma suna gasa tsiren rago a kan gawayi, suna sayar da wani faffaɗan burodi da ake toyawa a tanderu. Da na gutsura na farko sai da na rufe ido: gurasa ce, ba ta da maraba da ta Jakara sai kauri.

Juma'a ce ranar da nake komawa mutum kamar kowa. Akwai tsohon masallacin Huaisheng mai hasumiya kamar fitilar jiragen ruwa, wanda ake danganta asalinsa da zamanin daular Tang, amma mu mun fi zuwa na Xianxian, kusa da lambun Yuexiu, saboda ya fi fili. A harabarsa, cikin bishiyoyi, akwai kabarin da Musulmin Sin suka yi imani na Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne. Mu dai abin da muka karanta shi ne Sa'ad ya rasu a kusa da Madina kuma a Baƙi'a aka binne shi, na kuma faɗa wa wani dattijo Bahui haka da guntun Larabcina. Ya yi murmushi ya ce ko ma wane ne a ciki, ta teku Musulunci ya iso garin nan tun kafin kakanninsa su san shi. Ban ja da shi ba. A sahu kafaɗata tana gogar ta Basine a dama, ta Bapakistane a hagu, kuma ba wanda ya matsa. Bayan sallama titin waje ya zama kasuwa, hayaƙin tsire ya turnuƙe. Nakan sa kaftani da hula ranar Juma'a, kuma na lura kallon da nake sha a hanya yakan canza: tsofaffin mata su matso su taɓa aikin wuyan rigar, su ɗaga mini babban yatsa.

A kasuwa kuwa fatarka ba ta hana komai, in dai da kuɗi. A Zhongda, inda ake sayar da yadi da leshi, kalkuleta ce harshe. Mai shago ta danna farashi, ka girgiza kai ka ce "tai gui le", ya yi tsada, ka danna naka, ta dafe ƙirji kamar ka soke ta, a ƙarshe a haɗu a tsakiya ta zuba maka shayi a ɗan mitsitsin kofi. Da hannu ɗaya suke nuna lamba har goma, kuma sai da na yi asarar ciniki guda kafin na gane babban yatsa da ƙaramin yatsa a miƙe shida suke nufi. Takardar kuɗi ta kusa zama tarihi. Mai sayar da lemo a bakin titi ma da WeChat ake biyan ta. Ita wannan manhajar ce kuma ta zama igiyar da ta ɗaure ni da gida, tunda WhatsApp da Facebook ba sa aiki a can. Ƙanwata ta saka wa Umma ita a waya. Sa'a bakwai ce tsakaninmu, don haka idan na yi sallar Isha'i ita ba ta daɗe da yin Azahar ba.

A ƙarshen Afrilu Kawu ya tura ni Keqiao, babbar kasuwar yadi da ke lardin Zhejiang. Jirgin ƙasa mai gudu na hau, allon da ke saman ƙofa yana nuna kilomita 300 a sa'a, ruwan da ke kofina ko motsi bai yi ba. Mai masaƙar da za mu yi hulɗa da shi ya ɗauke ni zuwa garinsu, can bayan birni, kuma a nan ne na ga kallo na gaske. Mata suka bar wanki, masu kati suka ajiye kati, yara suka biyo mu har ƙofar gida. Mahaifiyarsa, tsohuwa tukuf, ta kama hannuna biyu ta juya tafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta faɗi wata magana da ta sa ɗanta ya ji kunya. Na matsa masa ya fassara. Cewa ta yi yaron nan ya yi nisa da uwarsa, a ba shi abinci. Sun sayo sabuwar tukunya saboda ni, suka dafa kifi da ƙwai da ganye. Taɓawar tsohuwar nan da ta mutumin lif duk taɓawa ce, amma ko a lokacin jikina ya san bambancinsu.

Bayan shekara biyu, a Afrilun 2020, ina Kano lokacin da hotuna suka fara yawo na 'yan Afirka da aka kora daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou saboda korona, suna kwana a ƙarƙashin gada da akwatunansu, har Femi Gbajabiamila, shugaban majalisar wakilai na lokacin, ya kira jakadan Sin ya nuna masa bidiyon. Na gane titunan. Na tuna masu gida ukun nan, kuma abin bai zo mini da mamaki ba, sai dai baƙin ciki.

Amma wannan daga baya ne. A waccan shekarar, azumi ya kama a tsakiyar Mayu. Ban taɓa yin azumi a garin da bai san ana yi ba: babu kiran salla, babu masu tashe, babu ƙamshin ƙosai da la'asar, da agogon waya nake sahur nake buɗe baki. A hawa na shida akwai wata tsohuwa da ƙofarta ke kallon tawa, tana renon jikanta. Watan farko idan muka haɗu a matakala takan ja yaron ta manna shi da bango har in wuce. Ni dai ban fasa cewa "Ayi hao" ba, wato gaisuwar da ake yi wa inna ko gwaggo. Wata rana na tarar da ita a hawa na biyu da buhun shinkafa tana haki, na ɗauka na kai mata har ƙofa, ba ta ce komai ba. Daga baya ta fara gyaɗa kai. Da ta riƙa jin motsin tukunyata da ƙarfe uku na dare sai ta tare ni ta tambaya ko ba ni da lafiya ne, na haɗa 'yan kalmomin da nake da su na yi mata bayani. Ta riƙe baki da ta ji ko ruwa ba a sha, a wannan zafin.

An yi Salla a tsakiyar Yuni. Bayan 'yan kwanaki su kuma suka yi bikinsu na tseren kwale-kwale, wanda ake ta buga ganguna a kan kogi. Da yamma aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ita ce, da kwano a hannu, jikan yana leƙe ta bayan ƙafarta. A ciki akwai ƙulli huɗu na shinkafa mai danƙo da aka naɗe a ganye aka ɗaure da zare, abin da suke kira zongzi. Na san na garin da alade ake cusa shi, sai na tsaya ina neman yadda zan ƙi ba tare da na ɓata mata ba. Kafin in buɗe baki ta ɗaga hannu ta ce, "Meiyou zhurou," babu alade, ta kwance ɗaya ta nuna mini jan wake ne a ciki, ta kuma kwatanta da hannu cewa a tukunya dabam ta dafa.

Da daddare na kira Umma na nuna mata a waya, na ce kamar alale ne a ganye, amma na shinkafa, kuma da zaƙi. Ta sa na kusantar da shi ta duba sosai. Ta ce, "Ka dai tabbata babu komai a ciki?" Na ce na tabbata, Umma. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To kada ka mayar mata da kwano haka nan." Da safe na sauka wajen 'yan Uygur na sayo dabino da gurasa biyu masu zafi, na hau hawa shidan nan, na ƙwanƙwasa. Jikan ne ya buɗe.